Madubi da Ɓoyayyiyar Kyamara a Ɗakin Otal: Gwajin Farce Bai Isa Ba

Lokacin bikin ƙanwata gidanmu da ke cikin birnin Zariya ya cika maƙil, har zaure sai da aka shimfiɗa tabarmi. Dole muka kama wa wasu baƙin ɗakuna a wani masauki da ke wajen gari. Ranar kamu, bayan isha'i, 'yar gwaggona ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, don Allah ka zo yanzu. Madubin ɗakin nan ba madubi ba ne. Mun ɗora farce a kai, babu tazara ko kaɗan." Su huɗu ne a ɗakin, kuma tun azahar a gaban madubin nan suke sauya kaya. Da na isa na tarar ƙaramarsu tana kuka.

Madubin a rataye yake jikin ƙusa. Na ɗaga shi, bayansa bangon bulo ne da filasta, babu rami, babu ko tsaga. Gilashin ne siriri ƙwarai, irin mai arha, shi ya sa tazarar da suke nema ba ta fito sosai ba. Hankalinsu ya kwanta. Ni kuwa nawa sai a lokacin ya tashi, don na lura a ɗakin akwai agogon bango da ke fuskantar gado, akwai dikoda, akwai soket guda uku, kuma babu wadda ta ko kalle su a cikinsu. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, alhamdu lillahi ban sami komai ba. Amma tun daren nake tunanin yadda saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, mai cewa in ka ɗora farce a kan madubi ba ka ga tazara tsakaninsa da hotonsa ba to ana leƙenka ta bayan madubin, ya tattara tsoron mutane ya kai shi kan madubi, alhali inda haɗarin ya fi yawa yana gefe ba a kallonsa.

Maganar ta shafi Zariya ƙwarai, domin gari ne na baƙi. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 iyaye ke kawo 'ya'yansu Samaru da Kongo, su kwana biyu su koma. Ga masu jinya da ke neman wurin kwana kusa da asibitin koyarwa na Shika, ga masu zuwa kwas a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da cibiyar nazarin sufuri ta Basawa, ga 'yan kallon hawan salla, ga matafiyin da dare ya riske shi a Kwangila. Duk waɗannan suna tuɓe kaya a ɗakin da ba su san wanda ya kwana a cikinsa jiya ba. Ba ina zargin masaukan garinmu ba ne, zato zunubi ne. Ina so ne mutum ya san abin da zai duba, ya duba cikin natsuwa, sannan ya kwanta ya yi barcinsa.

Mu fara da madubin kansa. Madubi na yau da kullum gilashi ne da aka shafa wa azurfa ko alminiyam ta baya, sannan aka bi da fenti mai kauri wanda ke tare haske gaba ɗaya. Shi kuwa wanda ake kira madubi mai fuska biyu, shafen ƙarfen da ke jikinsa siriri ne ainun, kuma babu fenti a bayansa. Idan haske ya faɗa masa, wani kaso ya dawo, wani kaso ya ratsa ya wuce. Ba sabon abu ba ne: tun 1903 wani mutum mai suna Emil Bloch ya yi rajistar fasaharsa a Amurka, kuma har yau ana amfani da shi a ɗakunan tambayar waɗanda ake tuhuma da wuraren binciken halayyar ɗan Adam.

Abin da yawancin mutane ba su gane ba shi ne, gilashin nan ba shi da ɓangaren gani da ɓangaren makanta. Haske ne ke yanke hukunci. Wanda ke ɓangaren haske zai ga kansa, domin hotonsa da ke dawowa ya fi ƙarfin ɗan hasken da ke fitowa daga ɗaya ɓangaren. Wanda ke cikin duhu kuwa zai ga na cikin haske sarai. Masu ƙera shi suna so ɓangaren wanda ake kallo ya ninka na mai kallo haske kamar sau takwas kafin ya yi aiki yadda ake so. Kowa a Zariya ya taɓa ganin misalin wannan. Dubi tagogin gilashi masu sheƙi da ake sa wa sababbin gidaje da shaguna a Hanwa da GRA. Da rana in ka wuce fuskarka za ka gani, har wasu kan tsaya su gyara hula. Da magariba ta yi aka kunna fitila a ciki, sai al'amarin ya juye: na waje na ganin falo tsaf, na ciki ba ya ganin kowa.

Wannan ya gaya mana abu biyu. Na farko, dole a sami fili a bayan madubin, kuma dole filin ya kasance da duhu. Madubin da ke rataye a kan lafiyayyen bango ba zai nuna wa kowa komai ba, ko da wane irin gilashi aka yi shi. Na biyu, da zarar ka juya hasken, asirinsa ya tonu.

To ina gwajin farce ya shigo? Hikimarsa ita ce, tun da shafen madubin gida a baya yake, kaurin gilashin zai shiga tsakanin farcenka da hotonsa, sai ka ga 'yar tazara. Madubi mai fuska biyu kuwa galibi ana juya shafensa ya fuskanci ɗakin da ake kallo, sai farce ya haɗu da hotonsa. Akwai gaskiya a ciki, amma gwajin yana yin ƙarya ta fuska biyu. Akwai madubai na halal da ba su da tazara, kamar waɗanda aka yi da gogaggen ƙarfe, akwai kuma sirara irin wanda ya firgita 'yan'uwana. Wannan ƙaryar mai sauƙi ce, tsoro kawai take jawowa. Mai hatsarin ita ce ɗayar: ana iya kafa gilashin leƙe da shafensa ta baya, ko a ɗora masa wani farin gilashi a gaba, sai ka sa farce ka ga tazara, ka saki jiki, alhali ana ganinka.

Abin da ya fi inganci ba shi da wuya. Fara da duba yadda aka kafa madubin: rataye shi aka yi, ko manna shi aka yi, ko kuwa a cikin bangon yake kamar taga? In yana ɗaguwa, ɗaga shi ka leƙa, magana ta ƙare. In ba ya motsi, tambayi kanka me ke bayan bangon nan. Waje ne, ko wani ɗakin baƙi, ko sito, ko lungun da ma'aikata ke bi? Ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa a wurare daban-daban. Wanda ke kwance kan siminti ƙararsa a toshe take, wanda bayansa fanko ne yana amsawa kamar an bugi taga. Sannan gwajin da na fi yarda da shi: kashe duk fitilun ɗakin, saki labule, kunna tocilar wayarka ka manna ta jikin gilashin, ka kewaye idonka da tafin hannu ka kusanto da fuska. Madubin gaskiya zai dawo maka da haskenka kawai. Na leƙe zai bar hasken ya ratsa, ka hango abin da ke baya. Ɗaukewar wutar da muke kuka da ita a nan ta zama taimako, don ba a rasa duhu.

A gine-ginenmu na bulo da siminti, fasa bango a yi taga ta sirri babban aiki ne da ba ya ɓoyuwa ga magini da ma'aikata, shi ya sa ba shi ne abin da ya fi damuna ba. Wanda ya fi damuna shi ne ɗan ƙaramin gurbi. Kyamarar yau ba ta buƙatar ɗaki a bayan madubi, wurin da bai wuce gidan ashana ba ya ishe ta. Don haka madubi mai kaurin firam fiye da kima, ko agogon tebur mai baƙin gilashi a fuska, su ma a haska su da tocila.

A watan Maris na 2019 'yan sandan Koriya ta Kudu suka bankaɗo wata ƙungiya da ta ɗauki baƙi kusan 1,600 a ɓoye, a ɗakuna 42 na masaukai 30 a birane 10, tana watsa hotunan kai tsaye a intanet ga masu biyan kuɗin kallo duk wata. Idon kyamarorin bai wuce milimita ɗaya ba, kamar kan allura. An cusa su ne a cikin dikodar talabijin, da soket ɗin bango, da maratayin na'urar busar da gashi. Babu madubi ko ɗaya a labarin. Akwai kuma abin lura: 'yan sanda sun ce ba su ga alamar hannun masu masaukan a ciki ba. Wato mai dasa kyamara yana iya zama baƙo kamarka, wanda ya biya kuɗin kwana ɗaya ya yi aikinsa ya tafi. Saboda haka duba ɗaki ba cin fuskar mai otal ba ne, shi ma ana iya cutarsa bai sani ba.

Yaya mutum zai nemo abin da bai fi kan allura ba? A nan ina ganin magabatanmu sun riga sun koya mana darasin. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a cikin birni, Kwarbai ne ko Limancin Kona, ya san ba a jera ƙofar zaure da ta shigifa a saiti ɗaya. Ana karkatar da su ne da gangan don wanda ke tsaye a waje kada idonsa ya zarce cikin gida. Maginanmu sun san ido miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana. Kyamara ma haka take. Komai ƙanƙantarta, dole akwai miƙaƙƙiyar hanya tsakaninta da abin da take son gani. Kuma mun san abin da mai wannan mugun aiki ke so: gado, da wurin wanka, da inda ake sa kaya. To maimakon ka bi ɗaki lungu-lungu, zauna a bakin gado ka juya a hankali, ka lissafa duk abin da ke kallonka. Ka shiga banɗaki ka tsaya inda ake wanka ka yi haka. Abubuwan ba za su wuce goma ba: agogo, dikoda, talabijin, esi, soket, kwan fitila, na'urar jin hayaƙi da ke jikin silin, firam ɗin hoto, tukunyar fure, wata caja da aka bari a maƙale.

Cajar nan ta kawo mu ga buƙatar kyamara ta biyu, bayan miƙaƙƙiyar hanya. Kyamara tana cin wuta. Mai batir takan mutu cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, shi ya sa wanda ke son ta daɗe yake ɓoye ta a cikin abin da dama a jone yake. Duk kan caja ko adafta da ka tarar ba ka san aikinta ba, zare ta ka sa a aljihun tebur. Ka lura da waya da ta fito daga inda bai kamata ba, da abu biyu masu aiki ɗaya a ƙaramin ɗaki, da ƙaramin rami a fuskar soket, da kan ƙusa da ya bambanta da 'yan'uwansa, da abin da aka karkatar ya fuskanci gado ba gaira ba dalili.

Sai aikin tocila. Idon kyamara gilashi ne mai lanƙwasa, yana mayar da haske ta hanyar da ya zo. Don haka a cikin duhu riƙe tocilar kusa da idonka, a gefen kunci, ba can a tsawon hannu ba, ka bi abubuwan da ka lissafa sannu a hankali. In akwai ido a ciki za ka ga ɗan ɗigon ƙyalli, sau da yawa mai shuɗi-shuɗi ko ruwan goro, wanda ke bayyana ya ɓace in ka gusa. Gaggawa ce ke ɓata wannan gwaji. Ka sauya wurin tsayuwa sau biyu ko uku, domin ƙyallin ba ya fitowa sai ka shiga saitinsa.

Kyamarori masu gani da dare suna haska ɗaki da wani haske da idon mutum ba ya kamawa, irin wanda rimot ke aikawa talabijin. Kyamarar waya takan gan shi. Ka fara gwada wayarka: saita rimot ga kyamarar ka danna maɓalli, in ka ga ɗigo fari ko mai ruwan hoda yana ƙiftawa a allo, to tana gani. A wayoyi da yawa kyamarar gaba, ta ɗaukar kai, ta fi ta baya iya wannan. Daga nan kashe fitila ka zagaya ɗakin kana kallon allon. Sai dai ka sani, kyamarar da ba ta da wannan hasken ba za ta bayyana ta wannan hanya ba.

Akwai manhajoji irin su Fing da ke nuna na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗin da ka hau. Suna da amfani, amma ba hujja ba ne in ba su nuna komai ba, don kyamara na iya tara abin da ta ɗauka a katin memori a zo a kwashe daga baya, ko ta yi aiki da layin wayarta na kanta. Manhajojin da ke cewa suna gano kyamara ta maganaɗisu kuwa, ko sifika suka kusanta sai su yi ƙara. Haka zancen cewa ka kira waya ka zagaya ɗaki, in murya ta karkatse akwai kyamara. Kada a dogara da shi.

Kada zancen fasaha ya mantar da mu leƙe irin na da, wanda ba ya buƙatar komai sai ido da rashin tsoron Allah. Ramin makulli, tsagar ƙofar da ke haɗa ɗaki biyu, tagar banɗaki mai kallon lungu, silin da aka ɗaga wani ɓangarensa, labulen da bai kai ƙarshen taga ba. Har ɗan gilashin leƙen da ke jikin ƙofa, wanda don tsaronka aka sa shi. A 2008 wani mutum ya bi sawun Erin Andrews, 'yar jaridar wasanni a Amurka, zuwa wani otal a birnin Nashbil, ya nemi ɗakin da ke kusa da nata aka ba shi, ya lalata gilashin leƙen ƙofarta ya ɗauke ta da waya. Hoton ya bazu a intanet, shi ya tafi kurkuku, kuma a 2016 kotu ta yanke a biya ta diyyar dala miliyan 55, kusan rabin kuɗin a wuyan masu otal ɗin saboda sakacinsu. Maganin wannan ramin ɗan ƙyalle ne ko takarda da za ka cusa ta ciki.

Me ya sa nake ɗaukar abin da zafi haka? Domin na san garinmu. A nan hoton minti ɗaya ya isa ya kashe aure, ya hana yarinya miji, ya sa dattijo ya daina fita masallaci, kuma sau da yawa wanda aka zalunta ake tuhuma: me ya kai ta otal? Wadda ta zo jinyar mahaifiyarta a Shika ce, ko amarya da angonta, ba wanda zai tsaya tambaya. Wannan tsoron shi ne jarin masu ɗauka, da shi suke tatsar kuɗi suna barazanar sakin hoto. Addini bai bar wannan a duhu ba. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad, wani mutum ya leƙa ta wata kafa a ɗakin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya nuna masa tsananin fushi, ya bayyana cewa saboda gani ne aka wajabta neman izini. Wanda ya biya kuɗin ɗaki, a daren nan ɗakin gidansa ne.

Dokar ƙasa ma tana tare da shi. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, wadda ta tanadi hukunci kan yi wa mutum barazana ta hanyar kwamfuta ko waya, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumar da ke kula da ita. Kyamarar tsaro a bakin get, da wurin ajiye motoci, da wurin karɓar baƙi, da baranda, wannan daidai ne, har ma abin so ne. Cikin ɗakin kwana da banɗaki ne babu wani uzuri. Kamfanin Airbnb ma, mai haɗa matafiya da masu ba da hayar gidaje, ya haramta kyamara a cikin gida gaba ɗaya tun ƙarshen Afrilun 2024.

In ka ga abin da ka tabbata kyamara ce, kada ka fasa ta, kada ka cire katin da ke ciki, kada ka yi ta jagwalgwala ta da hannu. Ita ce shaidarka, kuma a cikinta akwai asirin wasu bayin Allah da suka kwana kafin kai. Ɗauki hotonta a inda take, daga nesa yadda lambar ɗaki ko fasalinsa zai fito, sannan daga kusa. Rufe ta da tawul, tattara kayanka, riƙe rasit ɗinka, kira wani naka ya zo ya zama shaida. Mace in ita kaɗai ce, ta fara fita zuwa inda mutane suke kafin ta ɗaga murya. Sanar da 'yan sanda kafin ka shiga doguwar magana da manaja, domin in an bar ɗakin babu kowa na minti goma, abin na iya ɓacewa a wayi gari maganarka ce kawai da tasu. Za a iya roƙonka a kashe maganar a mayar maka da kuɗinka. Ka tuna kuɗin kwana ɗaya ba ya goge abin da aka riga aka ɗauka.

Sai dai a yi hattara da saurin hawa Facebook da sunan wuri. Abubuwa da yawa suna kama da kyamara alhali ba ita ba ce. Talabijin da dikoda da esi duk suna da ɗan baƙin gilashin da ke karɓar saƙon rimot. Na'urar jin hayaƙi tana ƙifta jar fitila lokaci-lokaci, aikinta ke nan. Masauki abincin mutane da yawa ne, tun daga mai shara har mai gadi, kuma ƙazafi ba ya wankuwa da sauƙi. In kana kokwanto ne kawai, nemi a sauya maka ɗaki, ko ka zare abin daga soket, ko ka yafa masa ɗankwali har gari ya waye.

Su ma masu masaukai akwai nasu. Duk lokacin da mai gyaran wuta ko mai gyaran esi ya yi aiki a ɗaki, wani amintacce ya tsaya a kansa, ya kuma duba bayan ya tafi. A san adadin kayan da ke kowane ɗaki, yadda in baƙo ya bar wata caja ko agogo mai shara zai gane ba na wurin ba ne. A daina faɗa wa duk wanda ya tambaya lambar ɗakin da wance ta sauka. Kuma in baƙuwa ta ce a zo a ɗaga mata madubi ta ga bayansa, a ɗauko sukundireba a kwance mata.